'Yata Falmata da Ruwan Jigo

Salamu alaikum, malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Bukar manomin tattasai daga Shatimari, bakin kogin Komadugu. A rediyon wani ɗan kasuwa nake jin shirinku ranar kasuwa.

Ina da 'ya Falmata, shekararta tara. Ba ta magana, ba ta kallon mutum ido da ido, kuma in an yi hayaniya sai ta toshe kunne ta yi ta ihu. Dangi suka ce iska ce. Na biye musu, na kira masu kiɗa, suka yini suna buga ganga a kanta. Wallahi kwana uku yarinyar nan ba ta ci abinci ba. Ni na cuce ta da hannuna.

Kakarta ce ta ce, "Bukar, bar ta ta bi ka lambu." Can, ƙarar jigon da nake ɗebo ruwa da shi kawai ke kwantar mata da hankali. Tana zaune tana kallon ruwa yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Ran nan na tsallake wani fangali ban sani ba. Sai ta kama hannuna, ta nuna, ta ce, "Baba, wannan." Na yar da guga ina kuka.

Yanzu ita ke buɗe wa ruwa hanya, ba ta taɓa kuskure ba.

Masu sauraro, wanda ke da yaro irin wannan ya faɗa mini dabarar da ya bi. Amma kafin ku kira masu ganga, ku fara duba abin da yaron ke kallo.