Kawu Ya Sayi Fitilar a Shago

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaisuwa da fatan alheri.

Ranar Talatar da ta wuce, ƙarfe huɗu na yamma, a kasuwar Mafara, Kawuna na Bakura ya nuna mini sabuwar fitilar sola, irin wadda nake talla a waya tun gama karatuna. Sai an saya ta adireshin intanet ɗin da na tura ake ba ni la'ada.

Ya ce, "Tallanka na gani, ɗana, Allah shi yi albarka! Amma wa ka sayen abu bai taɓa ba, bai taya ba? Shago na tafi."

Haka kowa ke yi mini. Baba ya ce in damina ta faɗi ban samu komai ba, gonarmu ta Faru zan koma.

Ban sani ba ko laifina ne, ko wani ya taɓa cin moriyar wannan sana'a a yankinmu, ko in fara gyara fartanya. Masu sauraro, ku ba ni shawara.