Gayyatar Auren da Aka Tura a Makance

A tashar Bagudo, Bilyamin na ta danna kwamfuta yana gumi, wani dattijo na leƙowa.

"Samari, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Baba! Tunda na sabunta manhajar kwamfutar nan, bidiyon gayyatar auren da na haɗa ya ƙi buɗewa in duba. Allo baƙi ƙirin."

"Tura hakanan mana."

"Ai na tura. Kan tsohon bidiyon ta'aziyya na ɗora shi, kuma ban tabbata na goge 'Allah ya jiƙansa' ƙarƙashin hoton ango ba."

"Wane ango?"

"Jamaluddeen na Zagga."

Dattijon ya lalubo wayarsa da ke ta ruri a aljihu.

"Ɗana ne. Dama shi ya sa dangi na Benin ke kirana suna kuka?"