Ƙahon Wanzami da Jinin Masunta

Salamar Ubangijinmu Yesu ta tabbata gare ku, 'yan'uwa.

Can gida, in tsohuwa za ta buɗe baki sai ta ce ga ta nan, ga ta nanku. To, ga ta nan. Sai dai wagga ba ta hira ba ce, da idona na gan ta. Ku aje wayoyinku ku ba ni kunne.

Sunana Saratu. Argungu nike zaune, kifi nike soyawa bakin kasuwa tun maigidana na da rai. Ɗana Iliya na jan keke nan Birnin Kebbi, shi da matarshi Rifkatu suna Gwadangaji. Ɗansu na fari, Ishaya, shi ne angona. Tun yana rarrafe nike ce mishi ango. Shi ko da bakinshi yab buɗe sai yac ce, "Ni ban son amarya mai warin kifi."

Ango bai cika shekara biyar ba ciwo yas same shi. Zazzaɓi yau, zazzaɓi gobe. Tafin hannu yay yi fari fat, ƙafa taƙ ƙi ɗaukar shi. Da anka tura mu babban asibiti a Sakkwato, likita yac ce kansar jini ce. Yac ce akwai magani, amma hanyar na da tsawo. Yaj ja kunnenmu: ko reza kada ta taɓa yaron nan, don jininshi ba ya tsayawa kamar na kowa.

Gida yaj juye. Rifkatu tab bar ɗinki tak koma kwanan tabarma gindin gadon asibiti. Iliya yar rame kamar shi ne majinyacin. Gashin ango yaz zube, yash shafa kai yac ce, "Kaka, yanzu ni da ke wa ya fi tsufa?" Mu yi dariya, mu juya baya mu share ido.

Yanzu bari in kawo muku Markus, ƙanen maigidana. Kada ku waiwaya, ba nan yake sujada ba. Amma kun san irinsu: babbar riga, babbar murya, Littafi a hammata. Bai taɓa taka asibitin ba. Ko lemo ɗaya bai taɓa aikowa ba. Amma shawara? Kullum da ita yake tafe, da cewa shi ne uban gida tun da yayanshi ya rasu.

Anka sallamo ango ya huta gida kafin a koma wani zagayen magani. Jikinshi duk tabo baƙi-baƙi, wanda likita ya riga ya ce ciwon ke kawo su. Ni ina Argungu, Rifkatu ta fita karɓo magani. Sai ga Markus. Yaɗ ɗaga rigar yaro yac ce, "Ash! Ga mataccen jini nan kwance kuna ta yawon Sakkwato. Ba cewa anka yi jinin ya lalace ba? A fidda shi mana! Iliya, kira wanzami."

Iliya yac ce, "Baba, likita ya hana."

"Likita ne ya haife ka? Ubanka da ƙaho yag girma, ni da ƙaho nag girma. Ko jan keke ya sa ka fi mu sani?"

Iliya yas sunkuyar da kai. Mun koya mishi kada ya mayar wa babba magana, ya ko koya da kyau.

Anka tsaga bayan yaro, anka kafa ƙaho. Ƙaho yac cika, anka cire, jini bai tsaya ba. Anka danna tsumma, anka barbaɗa toka, yana zuba. Wanzami yat tattara zabirarshi yas sulale.

Da Rifkatu tak kira ni, kuka kawai nike ji. Nab bar kasko bisa wuta nash shiga mota. Na same su asibiti nan Birnin Kebbi. Ango kwance, leɓe fari. Nac ce, "Ango, amarya ta zo." Bai ko motsa ba. Yaron da bai taɓa barin tsiyata ta wuce bai rama ba!

Nas tac ce jini ake so yanzu-yanzu, irin nashi kuma ya ƙare a ajiya. Iliya bai daɗe da bayarwa ba, anka ƙi ɗibar nashi. Rifkatu na da ciki. Ni sunka ce na tsufa. Ga Markus tsaye da 'ya'yanshi maza biyu, ƙarti, kowa wuya kamar turmi.

Nac ce, "Markus, ga ɗaki can, ga allura."

Yac ce, "Haba Yaya! Jinin namiji in an ɗiba ba ya komawa. So kike ki kashe mini ƙarfi? Ni da addu'a zan taya ku."

Nac ce, "Na yaro da ka ɗiba da ƙaho, ka tambaya ko zai koma?"

Babban ɗan yac ce bai karya kumallo ba. Ƙaramin yak kara waya a kunne yaf fita yana alo, alo. Har yau bai gama wayar ba.

Nan barandar asibiti, rana tsaka, mutane na wucewa, nad durƙusa. Nac ce, "Yesu, kai ba ka ce naka ba ya komawa ba. Ka ba da shi duka. Ni ɗan kaɗan nike roƙo, na cikin leda. Ban san inda za ka samo shi ba. Kai ka sani."

Ban ce amin ba, wayata tay yi ƙara a ƙullin zane. Malam Haruna ne, masuncin da nike sayen kifi hannunshi. "Saratu, lafiya? An ce kin bar mai bisa wuta kin gudu. Ga tarwaɗarki na aje." Naf faɗa mishi. Yac ce, "Yaron nan da yah hau gorana na kamun kifi bara yana cewa shi ne sarkin ruwa? Muna zuwa."

Kafin la'asar sai ga su, shi da ƙannenshi da surukinshi, wanduna jiƙe, taɓon fadama har gwiwa. Markus yat toshe hanci da hannun riga. Yam matso kunnena yac ce, "Jinin da ba na bangaskiya ba za a sa wa ɗanmu?"

Nac ce, "Na bangaskiyar yana jikinka. Riƙe abinka."

Haruna, wanda ke nutso ya fito da giwan ruwa a hannu, da yag ga allura sai yar runtse ido yana bisimilla. Ƙannenshi na dariya: "Yaya, ko a kira Inna ta riƙe ka?" Anka gwada, na mutum biyu yad dace. Anka ɗaura leda, jini na sauka ɗis, ɗis. Ina riƙe da ƙafar ango har naj ji ɗumi ya komo. Can yab buɗe ido, yay yamutsa hanci yac ce, "Kaka, warin kifi."

Halleluya! 'Yan'uwa, ban taɓa jin zagi mai daɗin wanga ba!

Ga yadda kowa yaƙ ƙare. Ango ya sha maganinshi har ƙarshe, ciwo ya kwanta, muna dai komawa awo. Gashi ya tsiro, yana makaranta, tabon ƙaho na nan bayanshi. Rifkatu ta haifi mace, sunanta Godiya. Iliya ya koyi cewa a'a, da latti, amma ya koya. Wanzami ya sauya unguwa. Haruna na nan bakin gulbi, yana cewa yaron yanzu nasu ne, in ya girma zai ba shi homa ya kama kifi.

Markus kuwa, jininshi na nan cif, ko ɗigo bai ragu ba. Na ji yana faɗa wa mutane addu'arshi ce tat tada yaro. Fasto ya ce in yafe. Na yafe. Ban dai ce zan rufa mishi asiri ba.

Na gode wa Ubangiji da yaj ji tsohuwa bisa baranda, yat taso taimako daga cikin ruwa. Ku dogara gare shi, ba ya barci. In kuma anka ce yaro na son jini, ku naɗe hannun riga tukuna, sa'annan mu yi addu'ar tare.

A cikin sunan Yesu. Amin.