Masu Amsawa Daga Dandin Mahe

A tashar Bodinga, Dakta Bilyaminu, malamin aikin gona a jami'a, yana jiran motar Shagari ta cika. Ya gama waya ke nan, wata dattijuwa da ke gefensa ta juyo.

"Bawan Allah, sake magana in ji."

"Lafiya, Inna?"

"Wallahi kai ne! Kai ne malamin da ke cikin wayar ɗiyata Zuwaira!"

Ya yi dariya, kunya ta ɗan kama shi. "Ni ne. Tun da aka mai da karatu intanet, gilashin kwamfuta nake wa magana. In ce 'kuna jina?', ba mai tankawa. Har na yi niyyar roƙo a sauya ni."

"Ba mai tankawa? Mu da muke amsawa daga ƙauyenmu Dandin Mahe har maƙwabta su leƙo! Zuwaira na jingina wayar ga turmi, mu kewaye ta muna gyaran albasa. Kana tambaya, gida duka ya ɗauka: muna jinka, Malam!"

"To ni ban taɓa ji ba."

"Ja'irar toshe muryarmu take, wai kada mu ba ta kunya."

"Ku nawa ne?"

"Har da tsohon, baban Zuwaira? Shi cewa yake ba ya saurare, amma ya bar kwarara wa albasa ruwa da tsakar rana tun da ka hana."

Dakta ya goge ido da bakin rigarsa, yana ta dariya.

"Inna, ranar Talata in za mu yi darasi ki ce ta buɗe muryarku."

"In ta ƙi fa?"

"Ki gaya mata malaminta ba zai fara ba sai ya ji Dandin Mahe."