Ni na hana Habu zuwa likita

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sha'aibu ne daga Madarunfa. Ban yi lakwal ba, wato boko, maƙwabcina ke rubuta abin da nake faɗa.

A unguwarmu ni ake tambaya wa ya haifi wa, da ciwon da ya ɗauke kowa. Shi ya sa da ɗana Habu, direba a ƙasar Larabawa, ya kira ni ya ce, "Baba, ƙirjina kamar ana yaga zane, har gadon baya," na ce, "Jini ne ya kwanta, irin na kakanka. Nemi wanzami ya yi maka ƙaho, kar ka je likita." Ya ce, "To, Baba." Habu bai taɓa yi mini musu ba.

Washegari ya faɗi. Abokin aikinsa ya shaida mini babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ce ta tsage ta ciki, ta hana jini isa ga zuciyar kanta. An yi masa aiki, zuciyar ta kasa tashi. Yanzu inji ke jan jininsa, ya ba shi iska, ya mayar, ko zuciyar za ta farfaɗo.

Yau kwana huɗu na kasa zama, daga masallaci sai bakin tabki, sai gida.

Ƙaho yana da ranarsa, ban janye ba. Amma jama'a, irin wannan ciwo a ruga likita. Don Allah ku tambayar mini lokotoro, wato likita: akwai wanda ya sauka daga injin nan da ransa?

Uwarsa Rabi ba ta san ni na hana shi ba, kuma shirin nan ba ya wuce ta. Rabi, na kasa faɗa miki a ɗaki. Kin dai ji.