Albarkar da Na Hana Iliya

'Yan'uwana maza da mata, na gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu mai ceto. Ni ce Saratu, wadda kuke kira Iyar Iliya, mai zama a bencin gaba ta wajen taga. Ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba. Matar Fasto ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana. Yadda ta fito daga bakina, haka za ta hau takarda.

Wasunku sun ji rabin labarin nan, suka yi ta guɗa. Yau ku ji shi duka.

Maigidana direban babbar mota ne. Ba zan kama sunansa ba, ba a yi mini irin wannan tarbiyya ba. Ya ɗauki shanu zuwa Kudu, aka dawo mini da shi naɗe cikin tabarma, Iliya yana goye a bayana. Tun ranar tsoron hanya ya shige ni kamar ciwo. In babbar mota ta wuce ƙofar gida, sai in saki abin da ke hannuna in toshe kunne. Ina zuwa sujada, ina jan waƙa a zumuntar mata, ba wadda muryarta ta kai tawa, amma abin nan yana zaune daram a ƙirjina. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni Saratu ba na kai kukana gaban mutum.

Iliya shi ne autana, shi kaɗai ne namijin da ya rage mini. Ya tashi ba abin da yake so sai sitiyari. Ya samu wata 'yar akori-kura yana ɗauko wa wani mutum kwalaben giya daga Kano. Na kau da kai, don kullum a gida yake cin tuwo. Da aka kafa shari'a aka hana jigilar giya, mai motar ya sayar da abarsa ya koma garinsu. Ban yi kukan giya ba, ni ma ba sonta nake yi ba. Amma tukunya ta fara sauka da wuri. Ga matarsa Rahila, ga yara. 'Yar gonarmu ta wajen Sandamu kuwa ba ta kai mu ko tsakiyar rani.

Sai ya shiga bin tirela a matsayin yaron mota, shi da Sanusi, ɗan maƙwabciyata Hauwa. Katanga ɗaya ta raba ni da Hauwa. Ita musulma ce. Da Sallah ta aiko mini nama, da Kirsimeti in aika mata shinkafa, ko lokacin da gari ya yi zafi ba mu fasa ba. Sanusi ɗanta ne na fari, don haka ba ta kama sunansa. "Wancan yaron" take cewa, ko a gabansa, ko a bayansa. Tare yaran nan suka koyi tuƙi, tare suka yi lasin.

Wata rana Iliya ya shigo ɗakina, ya cire hula, ya tsuguna.

"Iya, wani kamfani zai ba ni mota."

Na ce, "Wace iri?"

"Tirela ce mai shimfiɗaɗɗen baya, babu bango babu rufi. Rodi da siminti ake ɗora mata, a ɗaure da sarƙa."

Ya zayyana mini komai, bai ɓoye ba. Albashi duk wata, ba sai ya miƙa wa kowa hannu ba. Amma tafiya ce mai nisa, sai a daɗe ba a gan shi ba. In ruwa ya taɓa siminti, a wuyansa yake. Kuma sabon direba ba ya zaɓen mota, wadda aka miƙa masa ita ce tasa.

"Na auna, Iya, na sake aunawa. Yanzu bakinki kawai ya rage. Manajan ma sai da ya tambaye ni ko mahaifiyata ta yarda."

Kun san yadda muke a ƙasar Daura. Kirista ko musulmi, ɗa ba ya hawa irin wannan aiki sai uwa ta sa masa albarka. Na ce masa ba zan buɗe baki ba sai na ga motar da idona.

Na ɗaura zanena mai kyau, na tafi garejinsu da ke kan hanyar Kano. Wayyo, jama'a! Na tarar an riga an yi mata lodi. Rodi ne dogaye, jibge kan juna, bakinsu duka yana kallon bayan kujerar direba kamar tsinin mashi. Na duba sauran motocin, kowace tana da katangar ƙarfe tsakanin kaya da kan mota. Wannan babu. Na tambayi wani dattijon lebura da ke jan sarƙa.

Ya ce, "Ai ta sabon direba ce, Mama. Katangarta ta daɗe da cirewa. Kowa da ita ya fara. In yaronki ya jure, a ba shi mai kyau."

Na dawo gida na ce wa Iliya, "Ban yarda ba. Hanya ta ci ubanka, ba za ta haɗa da kai ba."

Bai yi musu ba. Ya mai da hularsa ya fita. Kamfanin suka ce za su ɗan jira shi. Kullum da safe sai ya zo ya tsuguna ya gaishe ni, ya ɗan dakata ko zan ce wani abu, ni kuwa in kau da fuska.

Rahila ce ta kasa haƙuri. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mini ido ba, ta same ni ina tsince wake, ta durƙusa.

"Iya, ki gafarce ni. Yau ma kunu zalla yaran suka sha. Ke mota kike gani, ni kuwa wuyan yaran nake gani yana sirancewa."

Na ce, "Ke za ki koya mini son ɗana? Tashi ki ba ni wuri!"

Ta tashi. Amma maganar ba ta tashi ba.

Ranar da sharar coci ta zo kaina, na shigo nan da tsintsiya, rana tsaka, ba kowa. Ina isa gaban bagadi sai na saki tsintsiyar. Na zube. Ban iya addu'a mai tsari irin ta Fasto ba, faɗa na yi da Ubangiji. Na ce, "Ka ɗauke uban, na yi shiru. Ka ɗauke yayyensa, na yi shiru. Wannan ɗaya ma sai ka taɓa?" Na yi kuka har majina. Da kukan ya ƙare sai wata tambaya ta faɗo mini a zuciya, a hankali: duk shekarun nan, wa ke tsaron yaron, ke ko Ni?

Na buɗe hannuwana duka biyu na ce, "Yesu, naka ne. Ga shi."

'Yan'uwa, abin nan da ya zauna mini a ƙirji tun Iliya yana goye, na ji ya ɗaga! Na ja numfashi har ƙasan ciki. Na bar tsintsiya a nan, na nufi gida da sauri kamar yarinya. Na ce, "Iliya, tashi ka je, na yarda."

Ya fita a guje. Bai daɗe ba ya dawo, ƙafa tana ja.

"Sun gaji da jira, Iya. Da safen nan suka ba Sanusi."

Daga nan ya daina haɗa ido da ni. Gaisuwa kawai, ya wuce. Ta bayan katanga ina jin Hauwa tana murna, tana cewa wancan yaron ya samu abin yi. Na leƙa na taya ta. Maganar rodin ta zo mini har baki, na ce a raina kada ta ɗauka baƙin ciki nake yi don nawa ya rasa. Na dai ce, "Ki ce masa ya riƙa duba sarƙa." Ta ce za ta faɗa.

Sanusi bai yi tafiye-tafiye da yawa ba. Bayan Kazaure, garken shanu ya faɗo masa kan titi, ya taka birki da ƙarfi. Motar ta tsaya. Rodin bai tsaya ba.

Ba zan faɗi yadda aka same shi ba. Iliya yana cikin waɗanda suka je ɗauko shi, ya dawo ya kasa cin abinci.

Labari ya iso nan, wasu matanmu suka zo gidana suna guɗa, suna cewa Allah ya kuɓutar da Iliya. Na tare su a zaure na ce, "Ku rufe mini baki! Uwar Sanusi tana bayan katangar nan tana jin ku." Har yau ina kan bakana. Ban zo in ce Allah ya zaɓi nawa ya ƙi nata ba. Ban san wannan ba, ku ma ba ku sani ba.

Na yafa mayafi na shiga wajen Hauwa. Mata cike da tsakar gida. Na zauna gefen tabarmarta. Na ce, "Hauwa, na ga motar nan tun kafin ya hau. Da na buɗe miki baki sosai."

Ta kama hannuna ta matse.

"Saratu, shi ma ya gan ta. Ya gaya mini, na sa masa albarka. Kwanansa ne ya ƙare." Sannan ta ce, "Sanusi. Sanusina."

Tun da ta haife shi ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Duk matan da ke wurin suka fashe da kuka.

Bayan an share makoki, kamfanin suka sake aiko wa Iliya. Wata tsohuwar motar ce, ita ma babu katanga. Wannan karon shi ne tsoro ya kama. Ya zo ya tsuguna, hula a hannu.

"Iya, in na rufe ido shi nake gani. Amma hatsi ya ƙare. Me kika ce?"

Na duba ƙirjina, na nemi tsohon tsoron nan, ban same shi ba. Na ce, "Ka je ka ce musu sai mai walda ya kafa mata katanga, in ba haka ba su riƙe abarsu. In sun yi, ka hau."

Suka yi, don bayan abin da ya faru ba direban da zai yarda ya zauna gaban rodi tsirara. Sai da ran ɗan Hauwa ya tafi aka kira mai walda. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Ranar da zai fara tafiya na ɗora hannu a kansa na ce, "Yesu ya shiga gabanka, ya tsaya a bayanka, ya dawo da kai ƙofar nan." Da ya miƙe sai muka ji muryar Hauwa ta kan katanga.

"Iliya, zo nan."

Ya je ya durƙusa mata. Ta ce, "Allah ya tsare hanya, ɗana. Ka riƙa duba sarƙa."

Yanzu haka da nake wannan magana Iliya yana kan hanya, ban san garin da yake ba. Ba a yi mini alkawarin zai dawo ba, Hauwa ma ba a yi mata ba. Amma tirela tana wuce ƙofata, ƙasa ta girgiza, ni kuwa in ci gaba da tsince wakena. Wannan shi ne cetona, kuma ba da ƙarfina na same shi ba. Na gode wa Yesu! Na gode masa da dukan raina!

Ke uwa da kika damƙe ɗanki don tsoro, buɗe hannunki ki miƙa shi ga Wanda ya ba ki. Ku dogara gare shi ko da bai gaya muku ƙarshen tafiyar ba. In kuma kun durƙusa yin addu'a, ku sa Iliya, ku sa direbobi duka. Kada ku manta da Hauwa. Amin.