Mashin Bai Taɓa Kwana Da Yunwa Ba

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Ɗan Jimo ne daga Jiratawa. Ban yi lakwal ba, wato boko, maƙwabcina tela ke rubuta mini.

Shekarar babban farin nan, soja na mulki, ni da marigayiya matata mun ci tafasa har damina, amma ba mu taɓa damin irin dawa da ta rataye a rumbu ba. Jikokinsa nake shukawa har yau.

Jiya ɗana mai kabu-kabu a Maraɗi ya zo. Wai yanzu ana tace mai daga dawa, etanol, a gauraya da fetur, hukumomi na tallafa wa manomanta. Ya ce, "Baba, karɓi sabon irinsu, naka tuwo kawai ya iya." Na ce, "Mashin ɗinka ya taɓa kwana da yunwa?" Ya yi dariya, ya tafi.

Bana ma ruwa ya ɗauke da wuri. Abokina na ƙarshe da ya ga wancan farin, bara muka rufe shi a Tibiri. Ba wanda zan ce wa "ka tuna?" In akwai mai saurare da ya tuna, ya gaya mini ko taurin kai nake.

Gobe da safe zan zaɓi ƴan zangarnun da suka tsira, in rataye su inda marigayiya take ratayewa.